Wa Ya Ci Bashin, Wa Ke Biya?

Akwai wata tambaya da matasanmu ke yi mana a 'yan shekarun nan, wadda ba a shirya mu dominta ba sa'ad da muke makarantar horon firistoci. Sukan tare mu a ƙofar majami'a bayan sujada, su ce: "Fada, an ce duniya tana ɗumama saboda hayaƙin masana'antu da motoci. Mu ƙauyenmu ko wutar lantarki babu. Don me gonarmu ce ke bushewa, gidanmu kuma shi ruwa ke ci?"

Mun sha amsa musu da cewa su yi haƙuri. Amsar nan ba ta isa ba, gama yaran suna da gaskiya. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, amma dubi abin da idanunsu suka gani. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, har jikokin masunta suna jin labarin ruwan kamar tatsuniya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe babban sashe na Maiduguri. Yaron da ya tashi cikin wannan ba ya bukatar wani masani ya gaya masa cewa damina ta sake hali.

Ba namu kaɗai ke wannan kuka ba. Vanessa Nakate, budurwa 'yar Uganda, ta fara zanga-zangarta a Kampala a 2019. A Janairun 2020, a Davos, aka ɗauke ta hoto tare da wasu matasa Turawa huɗu, amma da aka fitar da hoton sai aka yanke ta. Matasa da yawa sun ga kansu a wannan hoto: masifa a ƙofarsu take, amma ba a ba su wurin zama inda ake shawara. A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020. An ce sai a 2022 kuɗin ya cika, kuma mafi yawansa rance ne.

Ikkilisiya ba ta yi shiru ba. Tun a saƙonsa na Ranar Salama ta 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa lalacewar muhalli al'amari ne na lamiri. Paparoma Faransis kuwa, cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya koyar cewa ƙasashen arewacin duniya suna ɗauke da bashin muhalli na ƙasashen kudu. Saboda haka saurayin da ya ce an zalunce shi bai yi saɓo ba. Neman hakki aikin adalci ne.

Amma tambayar tana da wutsiya, kuma a nan ne muke jin nauyi. Saurayin nan yakan ƙara da cewa: "In haka ne, ina laifina idan na sare itace na ƙona gawayi? Manya sun ƙone duniya, ni buhu goma kawai nake nema in biya kuɗin makaranta." Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas sun koma murhu, gawayi kuwa ya zama kuɗi. Duk mai tafiya a manyan hanyoyinmu yana ganin buhunan a jere.

A zamanin Annabi Ezekiyel, Isra'ilawan da ke bauta a Babila suna da karin magana mai ɗora dukan wahalarsu a kan abin da iyayensu suka aikata. Ba ƙarya suka yi ba, gama zunuban kakanni sun taimaka wajen kai su can. Duk da haka annabin ya hana su fakewa da maganar, ya ce kowa zai amsa nasa. Laifin babba ba ya wanke ƙarami, sai dai awon ba ɗaya ba ne. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa wanda matsananciyar bukata ta tilasta wa ɗaukar abin da zai ceci ransa ba ɓarawo ba ne. Gwauruwar da ta sari reshe don ta dafa wa marayunta tuwo, ba mu da bakin tuhumarta. Attajirin da ke cika manyan motoci da gawayi, yana biyan yaran ƙauye ladan da bai kai ya kawo ba, shi kam sai ya binciki lamirinsa. (Wasunsu a kujerar gaba suke zama ranar Lahadi, mun kuwa karɓi baikonsu ba tare da tambaya ba.) Saurayinmu yana tsakanin waɗannan biyu, shi ya sa amsarsa ba ta da sauƙi.

Abin da za mu iya gaya masa shi ne, kiryar da ya sare ba za ta ƙara wa Turai zafi ba, gonar mahaifinsa za ta fara tsiraitawa. Iska za ta kwashe ƙasa, ruwan sama ya yanka kwazazzabo, ƙanensa kuma shi zai gaji filin. Yadda yake ƙarar Turai a yau, haka ƙanen nan zai iya ƙararsa gobe.

Maƙwabtanmu na jihohin Maraɗi da Damagaram sun fuskanci abin da ya fi namu tsanani. Tun daga shekarun 1980 manomansu suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi toho mafi ƙarfi su bar shi, su datse sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, gawo a cikinsu, wanda ke zubar da ganye da damina ya ba gero taki da rana. Rassan da ake datsewa su ne itacen girki. Kusan kowace majami'armu ta ƙauye tana da fili, tana kuma da matasan da suka iya riƙe adda, amma har yanzu ba mu zauna da su mun yi wannan magana ba.