Kukan Yaro Ba Hijabi Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass. Bayan haka:

A Droum, cikin ƙasar Damagaram, asubar damina ba ta da tsawo. Muridi ya dawo daga masallaci, ya shimfiɗa buzu, ya ɗauki carbi zai ja lazimi kafin ya tafi gona. Bai kai rabin istigfari ba sai ɗansa mai shekara biyu ya haye cinyarsa yana jan carbin. A ɗaka kuma uwargida ta kwana a zaune saboda zazzaɓin na goye, ga shi ya ɓata mata zanen da ta ɗaura don salla. Ga gero yana jiran turmi, ga tulu babu ruwa, ga 'yar shekara huɗu tana kukan fura.

Daga irin wannan safiya ciwo biyu suke kama 'yan'uwa. Uba yakan daka wa yaron tsawa, wani lokaci har da mari, sannan ya koma ya ci gaba da salati ga Annabin rahama. Uwa kuwa takan yanke ƙauna, ta ce tun da ta fara haihuwa ba ta ƙara jin ɗanɗanon zikiri ba. Wata ma har ta saki wuridin gaba ɗaya, alhali alkawari ne ta ɗauka a hannun muƙaddami na tsawon rai. Dukkansu sun ɗauki yaro a matsayin hijabi tsakaninsu da Allah. A nan kuskuren yake.

Ya tabbata a hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab: in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukar ta. Wata rana ya daɗe a sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe ɗaya daga jikokinsa biyu, Hasan ko Husaini, ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don tausayin uwar. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba. Babu mai halartar zuciya kamar tasa, amma yaro bai taɓa zama masa shamaki ba. To, ina ga mai carbi?

Shari'a ma ba ta bar uwa cikin ƙunci ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan fitsari da kashin jaririn da suka taɓa tufarta, matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta keɓe zane guda na salla. Haka ɗariƙa. Lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma, kuma lokacinsa yana da faɗi: na safe in akwai uzuri yana kaiwa faɗuwar rana, na yamma yana kaiwa ketowar alfijir, wanda ya kuɓuce kuma a rama shi. In lalura ta taso ana cikin ja, ana yin ishara, in ba ta wadatar ba a faɗi kalma ɗaya ko biyu. A wazifa, wadda ba ta samu wuri mai tsarki ba don karanta Jauharatul Kamali, sai ta ja Salatul Fatihi 20 a madadinta. Ƙofa a buɗe take. Abin da ya rage shi ne a tambayi muƙaddami, kada kunya ta sa a yi wa kai fatawa.

Akwai kuma sirrin da ya wuce rangwame. Kalmar da ake faɗa wa renon yaro ita ce dai ake faɗa wa aikin shehi a kan almajirinsa: tarbiyya. Tun bayyanar faila a 1929, almajiran Shehu Ibrahim suke neman tarbiyya don a kuɓutar da su daga sharrin nafsu. Nafsu kuwa ta iya ɓuya. A zawiya, ranar Juma'a bayan la'asar, kowa mai haƙuri ne, kowa mai tawali'u. Amma tsakar dare, yaro ya yi amai a shimfiɗa karo na uku, nan ake sanin abin da hailala ta bari a zuciya. Yaro ba ya yabo, ba ya godiya, ba ya kai labari gari. Hidimarsa tana cikin ayyukan da riya ba ta da ƙofar shiga. Ana rainon yaro, Allah kuma Yana rainon iyayensa da shi.

Wannan ba lasisin sakaci ba ne, nauyi ne a kan maigida. Ba adalci ba ne ya cika wuridinsa cikin natsuwa, matarsa kuwa ta kai hantsi ba ta samu ko alwala ba. Ya karɓi yaron ya ce, "Je ki ja naki, ni na riƙe shi." Wannan riƙon ibada ne. In zazzaɓin damina ya kama yaro, a yi masa addu'a, a kuma kai shi gidan likita tun da wuri, domin riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Kafin maigida ya tafi cin rani Kano ko wani wuri, ya bar hatsi da kuɗin magani, kada ya bar wa mace ɗaya 'ya'ya da rumbu wayam ya ce Allah na nan.

Yaron da yake jan carbi yau yana karatu ne, ko da bai san baƙi ba. In duk sanda ya ga carbi mari ne ke biyo baya, zai girma yana gudun zawiya. In kuwa ya saba da cinya mai taushi da sautin salati a kunnensa, wata rana shi zai shimfiɗa wa mahaifinsa buzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu mai laushi, don kada ya karye.

Allah Ya shirya zuri'ar Musulmi, Ya ba iyaye haƙuri da juriya, Ya ba yara marasa lafiya sauƙi, Ya tabbatar da 'yan'uwa a kan alkawarin ɗariƙa har ƙarshen rai, albarkacin Annabi Muhammadu (SAW). Amin.