Mawaƙan Bishara, Kada Ku Ajiye Alƙalami

Sannunku da aiki, mawaƙan bishara! Sannunku, ku da kuke tashi daga kan keken ɗinki, daga aji, daga gona, daga rumfar kasuwa, ku nufi majami'a da yamma domin koyon waƙa, ƙafa duk ƙura, wani ko abincin rana bai samu ba. Sannu Mama mai buga tulu a Zumuntar Mata. Sannu ɗan'uwa mai jita, wanda tsirkiya ta tsinke ya ɗaure ya ci gaba. Sannu 'yar'uwa da baiti ke tashinki tsakar dare, ki laluba fitila ki rubuta shi kafin ya gudu. Ba a liƙa hotunanku a allon talla, ba a ajiye muku kujerar gaba, amma ranar Lahadi sai kun buɗe baki jama'a ke buɗe nasu. Wa ya isa ya ce wannan ƙaramin aiki ne?

Na san abin da ke damun zukatanku a 'yan shekarun nan. Labaran abin kunya daga gidan Ubangiji sun yi yawa, kuma wayar hannu ba ta bar kowa a duhu ba. A watan Janairu na 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da shaidar tsofaffin mabiyan marigayi T. B. Joshua na Legas, waɗanda suka yi zargin fyaɗe da azabtarwa da mu'ujizan ƙarya. Cocin Hillsong na Ostareliya, wanda waƙoƙinsa suka zagaya duniya har cikin ƙungiyoyin matasanmu, ya kori fastonsa na birnin New York, Carl Lentz, a 2020 saboda cin amanar aure, sannan a watan Maris na 2022 wanda ya kafa cocin, Brian Houston, ya yi murabus bayan ƙorafin mata biyu a kan halinsa. Waɗannan na nesa ke nan, waɗanda suka shiga jarida. Na kusa kuwa ba ya shiga jarida, amma ya fi ciwo: kuɗin ginin da aka tara shekara da shekaru aka neme su aka rasa, yarinyar da aka lalata aka ce iyayenta su yi shiru don kare sunan ikilisiya, zaɓen shugabanni da ya koma rikicin ƙabila. Sai abokin aiki ya dube ka ya ce, "Har yanzu kana yi wa mutanen nan waƙa?" Kai ma ka koma gida kana tambayar kanka. To tsaya, ɗan'uwa, kafin ka rufe littafin baitocinka.

Buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta biyu. A Shilo ne, gidan sujada mafi girma na Isra'ila a wancan zamani. 'Ya'yan babban firist Eli, wato Hofni da Finehas, sun mai da bagade wurin cin ganima. Baransu yakan zo da cokali mai yatsu uku ya caka cikin tukunyar mai hadaya, abin da ya fito nasu ne. Har ɗanyen nama suke ƙwacewa kafin a ƙona kitsen da ke na Ubangiji. Suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Kowa ya sani, uban ma ya sani, faɗan da ya yi musu bai hana komai ba. Akwai badaƙalar da ta fi wannan? Amma duba abin da ke farkon wannan sura ɗin. Waƙa ce! Waƙar Hannatu, matar da ta yi shekaru ba haihuwa, wadda Eli ya ga leɓunanta na motsi cikin addu'a ya zaci buguwa ta yi. A wannan gida mai ɗauke da ƙazantar firistoci ta zuba kukanta, a nan ta kawo ɗanta Sama'ila, a nan ta ɗaga murya ta yabi Allah mai ƙasƙantar da masu girman kai, mai ɗaga matalauci daga ƙura. Ba ta jira aka gyara 'ya'yan Eli ba. Ba ta nemi izininsu ba, domin ba don su ta zo ba. Hofni da Finehas sun mutu rana ɗaya a fagen yaƙi, waƙar Hannatu kuwa ta yi tafiyar ƙarnuka har ana jin amonta cikin waƙar Maryamu a Bisharar Luka. Ke da ke tsaye a layin mawaƙa zuciyarki cike da takaicin abin da kika ji, a sahun Hannatu kike. Buɗe murya!

Kada kuma wani ya ce muku mawaƙin kirki ba ya girgiza. Asaf shugaban mawaƙa ne a zamanin Sarki Dauda, amma a Zabura ta 73 ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye na ƙiba cikin jin daɗi shi kuwa yana shan wuya. Me ya yi da wannan shakka? Ya sa ta cikin waƙa, ya bi ta baiti bayan baiti har ya fita ɗaya gefen da bangaskiyarsa a hannu. Shi kansa Dauda, babban mawaƙin Isra'ila, shi ne abin kunyar zamaninsa a kan matar Uriya, kuma Zabura ta 51 ta fito ne bayan annabi Natan ya tsaya gabansa ya faɗa masa gaskiya. Littafin waƙoƙin da Allah ya bar mana cike yake da kuka da ƙorafi da tuba, kusa da kusa da yabo. To me zai sa namu ya zama na rawa kaɗai?

Nan ne aikinku yake, kuma nan nake so mu daɗe. A shekarar 2008 wani matashin fasto a Ostareliya, Michael Guglielmucci, ya yi fice da waƙar neman warkarwa da ta ratsa majami'u a ƙasashe da dama. Ya ce yana fama da ciwon daji, ya hau dandamali da robar iskar numfashi a hanci yana rerawa, dubban mutane na zubar da hawaye. A watan Agusta na shekarar gaskiya ta fito: ba shi da ciwon, kusan shekara biyu yana yaudarar jama'a, har da iyalinsa. Ku yi tunanin marasa lafiya na gaske da suka riƙe waƙar nan a gadon asibiti. Abin da ƙarya ke yi ke nan idan ta shiga bakin mawaƙi, domin wa'azi yakan tsaya a kunne, waƙa kuwa har gida take bin mutum, ta shiga madafa, ta hau babur, ta kwana a bakin yara. Saboda haka ka rubuta abin da ka gaskata, shi kaɗai. Ka rubuta abin da za ka iya rerawa a gaban gawar mahaifiyarka ba tare da ka ji kunya ba. In yau ba ka da waƙar nasara, rubuta ta kuka. In ba ka ga warkarwa ba, kada ka ƙirƙiro shaida. Rubuta waƙar mai jira, akwai ɗaruruwan masu jira a kan bencin majami'arku da ba su da mai yi musu magana. In baiti ya yi daɗi a kunne amma ka auna shi da Littafi Mai Tsarki ka ga bai tsaya ba, soke shi, ko da shi ne zai sa a yi maka tafi. Mawaƙin da ya iya soke baitinsa mai daɗi saboda gaskiya, wannan ya ƙware. Ku ƙware!

Ga wata magana da ta shafe mu musamman, mu da muka tashi a ƙasar da ta san darajar kirari. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun kai waƙar fada matuƙa, kuma a fada yabon ubangida sana'a ce mai tsari da mutunci. Amma majami'a ba fada ba ce, kuma mai mumbari ba shi ne ubangidan mawaƙi ba. Sau nawa ake kiran ƙungiyar mawaƙa a ce su shirya ta musamman domin "Baba", a jera sunansa da muƙamansa cikin amshi, a yi liƙi, a watse? Girmama shugabanni wajibi ne, kuma akwai fastocin ƙauye masu yawa da ke hidima da albashin da bai kai ya kawo ba, ba su taɓa taɓa kuɗin baiko ba. Waɗannan sun cancanci godiya da addu'a da buhun masara. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma zalunci ne a shafa wa amintattu baƙin fentin maciya amana. Duk da haka waƙar sujada wurin suna ɗaya gare ta. Waƙar da aka gina a kan sunan mutum, ranar da mutumin ya faɗi ita ma ta faɗi, kuma ta tafi da bangaskiyar yaran da suka haddace ta. Wadda aka gina a kan Almasihu kuwa, a sauya fasto goma tana nan daram. Ku gina a inda ba ya rushewa!

Kada kuma waƙarku ta zama mayafin rufe ɓarna. Rasuwar Osinachi Nwachukwu a Abuja a watan Afrilu na 2022 ta girgiza ƙasar nan. Mace ce da muryarta ta sa dubbai durƙusawa, ashe a gida tana shan azaba, kuma a 2025 kotu ta sami mijinta da laifin kisanta. Mata nawa ne ke tsaye a layin gaba na mawaƙa da irin wannan rauni a ƙarƙashin anko? Mun yi waƙoƙin haƙuri da yawa, kuma haƙuri abu ne mai kyau. Yanzu muna bukatar waƙoƙin da za su gaya wa wadda ake duka cewa Allah na ganinta kuma ba ya goyon bayan mai dukanta, waƙoƙin da za su gaya wa mai riƙe da asusun ikilisiya cewa akwai ranar lissafi, waƙoƙin da za su koya wa babba yadda ake cewa "na yi zunubi". Ba sai kun ambaci sunan kowa ba, ba kuma habaici ake nema ba. Gaskiya ce kawai cikin murya mai daɗi, wadda mai laifi zai ji ta ya kasa barci, wanda aka zalunta ya ji ta ya ɗaga kai. Wa zai rubuta su in ba ku ba?

Ku tuna kuma daga inda kuka fito. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen nan ya zama gadar da Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bura da Margi da Bachama da Hausawa ke haɗuwa a kanta su yi sujada da murya ɗaya. Da farko waƙoƙin Turawa aka fassara cikin Littafin Waƙoƙi, kuma har gobe muna ƙaunarsu. Amma iyayenmu ba su tsaya nan ba. Mawaƙan Sabon Rai Don Kowa, tun daga shekarun 1960, sun bi gari-gari da ganga da kacau-kacau. Matan Zumunta suka ɗauko tulu da salon kira da amshi na gida, suka zuba ayoyi a ciki, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san labarin Yusufu da na ɓataccen ɗa daga farko zuwa ƙarshe. Daga baya irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka shigar da waƙar bishara ta Arewa situdiyo, ta fita zuwa rediyo da talabijin. Yawancin waƙoƙin da muka fi so ma ba mu san wanda ya yi su ba. Wata uwa ce a wani ƙauye ta tsara tana daka, ta koya wa 'yan'uwanta, taron gunduma ya ɗauka, ta bazu. Ba ta karɓi ko kwabo ba, ga shi jikokin wasu na rerawa.

Dubi 'yan'uwanmu na EYN, ikilisiyar da aka fara a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya ne, kuma a watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu a Kwarhi. Majami'u suka ƙone, jama'a suka watse. Shin waƙa ta mutu? A 2015 mawaƙan Zumuntar Matansu suka zagaya Amurka suna rerawa, da ciwon a zuciya da tulu a hannu. Mutanen da wuta da bindiga ba su rufe wa baki ba, zunubin wani shugaba ne zai rufe musu? Jinin nan ne ke gudana a jikinku.

Na sani kuɗin situdiyo na da nauyi. Na sani waƙar da ka sha wuya a kanta za ta yawata a WhatsApp ba tare da sisi ya dawo aljihunka ba. Na sani wani lokaci wanda ya ɓata maka rai shi ne zaune a gaba yana kallonka kana rerawa. Duk da haka je ka. Akwai gwauruwa a benci na uku da ba ta tuna wa'azin makon jiya ba, amma amshinka ne ya raka ta har ta yi barci. Akwai saurayin da ya yi niyyar barin coci gaba ɗaya, abin da ya rage masa kawai baiti ɗaya ne na gaskiya da ya ji daga bakinki. Saboda su, ɗauko littafin nan da ka jefa ƙarƙashin gado. Karanta Zabura ɗaya da safe, ka bar ta ta yi maka aiki a rai kana bakin sana'arka. Rubuta baiti biyu, ka kai wa Mama shugabar Zumunta ta saurara, in ta ce kalmar nan ba ta zauna ba ka gyara. Kira mai ganga, kira masu amshi, ku share ƙurar benci, ku ɗaure tsirkiyar da ta tsinke. Ranar koyon waƙa ta wannan mako ku zo da sabuwa, ku maimaita ta har ta zauna a bakin kowa, ranar Lahadi kuma ku miƙe tsaye ku rera ta da dukan ƙarfinku!