Riƙon Maraya da Katin Asibiti

A ƙasarmu ta Zuru ba a barin maraya ya kwana a waje. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Danko da Wasagu da Sakaba, gidajen masu bi da yawa sun karɓi yara waɗanda ba su haifa ba. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Amma ga tambaya: wanda ya ba maraya tuwo da tabarma, ya cika hakkin riƙo ke nan?

Ɗan da ka haifa, ka san labarin jikinsa tun ranar suna. Yaron da gudun hijira ya kawo hannunka kuwa, katinsa na asibiti ya ɓace, uwar da ta san ciwonsa ba ta nan, shi kuma ba ya iya faɗi. Domin wannan ya kamata ka kai shi asibiti tun makon fari. A auna nauyinsa, a gwada jininsa ko da zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini, a duba dantsensa ko da tabon lambar tarin fuka. Bisa ga ka'ida ana yi wa jariri rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, kana na ƙyanda da na shawara a wata 9. Wanda lokacinsa ya wuce, ma'aikata sun san yadda za su cika masa abin da ya rasa, kyauta ne kuwa a asibitin gwamnati.

Waɗansu suna cewa Allah ne mai tsaro, allura rashin bangaskiya ce. Ku tuna sa'anda Shaiɗan ya ce wa Ubangijinmu shi fāɗo daga kan haikali, ya ƙi, gama ba a gwada Allah. Dattawanmu sun ga ɓarnar agana, amma a 1980 aka shaida ta ƙare a duniya duka ta wurin lamba. A 2024 kuma jiharmu ta Kebbi tana cikin biyu na fari da aka soma rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya. Wane ne ya ba mutum wannan hikima, in ba Allah ba?

Akwai laifin da ya fi jahilci muni, watau a ruga da ɗan ciki wurin likita, a bar ɗan riƙo da jiƙon saiwa. Mordekai ya ɗauki Esta tamkar ɗiyar cikinsa. Mu ma da ba na gida ba ne, Allah ya karɓe mu cikin Kristi, bai kuwa rage mana rabo ba.

Bari dattawan ekklesiya da zumuntar mata, sa'anda suke gaisuwa gida gida, su riƙa tambaya: ina katin yaron nan? Ubangiji shi taimake mu. Amin.