Maigida ya ce "na yarda", ita kuma matar ta yi shiru



Wata ƙanwarmu da ke karatun digiri na biyu ta aiko min da tambaya ta hannun yayanta, bayan sallar isha'i. Bincikenta a kan larurorin da mata ke fama da su bayan haihuwa ne, tana zagaya ƙauyukan Jega da Maiyama da takardar tambayoyi. Ta shiga wani gida, maigidan ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce: "Malama, tambaye ta duk abin da kike so, ni na yarda." Matar kuwa tana bakin tabarma, kai a sunkuye, ba ta ce uffan ba. Aka miƙa mata tawada, ta dangwala yatsa. Tambayar ɗalibar ita ce: Malam, wannan ya halatta min in rubuta sirrinta?

Na ce a gaya mata bai halatta ba tukuna.

Kafin in kawo dalili, bari in fara da masu ganin binciken kansa rashin kunya ne. Tun da aka kafa jami'a a Aliero a 2006, ga kuma kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ɗalibai masu yawo da takardun tambayoyi sun yawaita a yankinmu, wasu magidanta kuwa da sun hango su sai su ɗaure fuska. To ɗan'uwa, kwana 15 da ka haddace a Ahalari a matsayin iyakar hailar mai farawa, daga ina malamai suka samo shi? Babban madogararsu abin da suke kira istiƙra'i ne, wato bibiyar halin mata da tambayarsu har a gane abin da ya fi yawa. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) hukuncin mace idan ta yi mafarki, bai tsawata mata ba, kuma Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sani. Matan da ke jiran aiki a cibiyar yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, da yawansu an taɓa ce musu iska ce ko sammu. Bincike ne ya nuna doguwar naƙuda ce mafi yawan sanadi: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe.

Amma ku ji inda aikin gyaran wannan larura ya samo asali a likitancin zamani. Tsakanin 1845 da 1849, wani likita mai suna Marion Sims a jihar Alabama ta Amurka ya yi ta gwada tiyata a jikin bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, sau kusan 30 ya yi mata aiki. Izini kam ya nema, amma wurin iyayen gijinsu. Dabarar ta yi nasara, mata sun amfana, duk da haka a 2018 aka cire mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin New York. Amfanin da aka samu bai wanke hanyar da aka bi ba. Mu ma a nan mun ɗanɗana: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba, kamfanin ya musanta. Wannan tabon yana cikin abubuwan da suka sa aka guji allurar shan-inna a 2003.

Kada wani ya ce na kwatanta miji da mai bayi, wallahi ba nufina ba ke nan. Miji yana da haƙƙi a kan wanda zai shiga gidansa, ɗalibar da ta tsallake shi ta yi kuskure. Izininsa ƙofar gida yake buɗewa. Abin da ke jikin matar da abin da ta ɓoye a zuciyarta, wannan ita ce mai shi. Ko dukiyarta shari'a ba ta ba shi damar kyautarwa sai da daɗin ranta, ina ga labarin ɓarin da ta yi, ko warin da take ɓoye wa kishiyarta?

Yayan nata ya ce: "To Malam, ai shirun mace yarda ce." Wannan hukuncin budurwa ne a babin aure, an keɓe shi saboda kunyarta a wannan gurbi kaɗai. Asalin ƙa'ida a wurin malamai shi ne ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Matar da mijinta ke tsaye a kanta, ga baƙuwa 'yar boko da biro a hannu, ta yaya za ta iya cewa a'a?

Sai na ba ɗalibar shawara ta koma, ta roƙi maigidan ya ba su wuri su biyu. Ta yi mata bayani da Hausa, ba karanto takardar Turanci ba: me za a tambaya, wa zai gani, kuma in ta ƙi babu abin da zai same ta, a asibiti ko a gida. Kada ta bari matar ta zaci magani aka kawo mata alhali tambaya ce kawai. Muryar da ta naɗa a waya amana ce, ba abin kunna wa ƙawaye a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Kuma cire suna bai wadatar ba, domin a ƙaramin ƙauye idan ka rubuta shekarun mace da yawan 'ya'yanta da larurarta, kowa ya san wa kake nufi.

Ta koma bayan mako guda. Maigidan ya fita ya ba su wuri. Matar ta saurari bayanin har ƙarshe, ta yi godiya, sannan ta ce ba ta so a rubuta. Ɗalibar ta yaga takardar mai dangwalen a gabanta, suka ɗan taɓa hira, ta wuce gida na gaba.