Tsakanin "Babu" da "Ban Gani Ba"

Mai ɗaukar hoto ya jona faifan ajiyarsa na waje a kwamfuta. Fitila ta kama, yana jin faifan na juyawa a tafin hannunsa, amma allo shiru. Hotunan biki da suna na shekara goma suna ciki. Abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Shi ke nan, komai ya tafi."

Gwanin gyara ba ya saurin karɓar wannan ta'aziyya. Sai ya canza waya, ya gwada wata kafar USB, don wani faifan wuta ce ba ta ishe shi ba. Daga nan ya leƙa Disk Management na Windows. Sau da yawa faifan na nan daram, harafin kira kawai ba a ba shi ba, E ko F. Wani lokacin kuma a Mac aka tsara shi da APFS, tsarin da Apple ya fito da shi a 2017, wanda Windows ba ta karantawa. Kamar ɗan boko ne aka miƙa wa wasiƙar ajami: rubutu cike da takarda, mai karatun ne ya gaza.

Tambayar ko abin da ba a gani ba yana nan ko babu shi ta girmi kwamfuta. A 1710 George Berkeley, masanin falsafa ɗan Ailan, ya yi hujja cewa samuwar abu tana rataye da tsinkayarsa, sai dai ya ce Ubangiji na tsinkayar komai ko da mutum ya kau da ido. Malaman fiƙihu kuwa sun tunkari lamarin ta wajen hukunci, da ƙa'idar cewa shakka ba ta ture yaƙini. Shi ya sa a mazhabar Malikiyya, mutumin da ya ɓace ba a yi masa lissafin mamaci nan take. Matarsa za ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara 4, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai shekarunsa sun kai inda tsararrakinsa ba sa wucewa.

Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri. Idan ta kasa gane tsarin faifai, takan nemi a yi masa fomat. Wanda ya danna "eh" ya raba gadon mai rai. Fomat na gaggawa jadawalin fayiloli yake sharewa, hotunan na nan kwance, amma kowane sabon abu da aka zuba yana iya hawa kansu, kuma wanda aka hau ba ya dawowa.

Akwai mutuwa ta gaske. Faifan da ke ƙas-ƙas, galibi kan da ke karanta bayanai ne ya lalace, kuma yana iya karce fuskar faifan. Ko a nan mai gyara ba ya cewa babu. Yakan ce, "Malam, cire shi daga wuta tukuna," ya naɗe shi, ya tura wa masu buɗe faifai a ɗakin da ƙura ba ta shiga.