Rufin Asiri ko Rufin Tsatsa?

Mu Hausawa muna girmama rufin asiri. Muna roƙon sa a addu'a, muna kuma yaba wa magidancin da aljihunsa ya bushe amma ya fito da wankakkiyar riga. Sai dai duk ranar da muka kai tsohuwar mota wurin gyaran jiki da kuɗi kaɗan a hannu, dole mu tambayi kanmu: a ina rufin asiri yake ƙarewa, algus ya fara?

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, daga 1975 kuma aka shiga haɗa ta a Kaduna. Injinta akwai jure wahala, jikinta ne tsatsa ke ci. Ƙurar hunturu takan toshe ƴan kafofin da ruwa ke tsiyayewa a ƙasan ƙofofi, damina na zuwa ruwan ya kwanta a ciki. Laka ta maƙale a saman tayoyi, laima ta ɓuya a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Daga ciki tsatsa take farowa, don haka kafin mu ga fenti ya yi bororo, ta daɗe tana ɓarna.

Hanya biyu mai gyara zai nuna mana. Ta farko, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen har a kai ga mai lafiya, a yi waldar sabo, a shafa maganin tsatsa, sannan fenti. Wannan tana cin kuɗi da lokaci. Ta biyu, a goge sama-sama, a cike ramin da ƙullin nan na masu fenti, a bi da samfefa, a fesa. Cikin ƴan kwanaki mota ta fito tana walƙiya, tsatsar kuwa tana nan a ƙasa tana ci.

Shi ƙullin ba shi da laifi. Idan aka shafa shi siriri a kan ƙarfe mai lafiya don a daidaita lotsawa, aiki ne na gwaninta. Inda gizo ke saƙar shi ne, 504 ta shiga gida ba ta da wani gindin ƙarfe daban da aka ɗora jiki a kai, jikin ne ƙashin bayanta. Dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen da kujeru suke ɗaure a kai, da mazaunin shokozoba na gaba, su ke riƙe da motar. Tsatsar fuskar ƙofa muni kawai take jawowa. Ta waɗannan wurare kuwa, ranar da aka yi karo za a san ta.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan zaɓin. A 1992 Ward Cunningham ya kwatanta aikin gaggawa a cikin manhaja da cin bashi: yana fid da kai yau, amma kullum ƙaruwa yake har sai an biya. Ba ma zargin wanda lokaci ya ƙure wa ya yi faci, muddin ya bar rubutu cewa nan wurin akwai sauran aiki. Wanda muke zargi shi ne mai facin da ya share sawunsa, ya bar wa na bayansa tarko.

Wani zai ce, "Motata ce, ba kuma sayarwa zan yi ba." To, amma ba mu kaɗai muke shiga ba. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake ɗauko Inna daga asibiti, kuma babu wanda ya nemi shawararsu. Sannan irin wannan mota takan ga bayan mai ita. Magada su sayar, mai saye ya zo da maganaɗisu yana lalube jikinta, don ya san ba ya kama inda ƙulli ya yi kauri. Wannan maganaɗisun shaida ne a kan yadda amana ta yi ƙaranci a tsakaninmu.

Abin da ya rataya a wuyanmu bai fi ƙarfin mai ƙaramin aljihu ba. Ɗan kuɗin da ke akwai ya fara zuwa ga ƙarfen da ke riƙe da rai. Sauran wuraren a kankare, a shafa musu maganin tsatsa, a buɗe kafofin ruwa, su jira wata shekarar. Kafin a rufe ko'ina, mu ɗauki hotonsa a waya, mu ajiye wa duk wanda motar za ta koma hannunsa.

Za mu yi yawo da mota dabbare-dabbare, ƙila a yi mana dariya a majalisa. Wannan kunyar tamu ce, muna da ikon mu rufe ta ko mu jure ta. Ramin da ke ƙarƙashin kujerar fasinja kuwa ba asirinmu ba ne, balle mu ce za mu rufa shi.