Kada Mu Cinye Irin Shuka

Akwai wata halitta cikin teku wadda Turawa su ke kira sikwid. Ba ta da ƙashi. Hannuwanta goma ne, takwas gajeru, biyu dogaye na cafke abinci. Zuciyarta uku, jininta kuwa shuɗi ne. In magabci ya taso mata, ta kan fesa masa baƙin ruwa kamar tawada, ta wuce kamar kibiya. Mutanen Japan da Sin da Italiya suna son namanta ƙwarai.

Amma ga abin lura. Yawancinsu shekara ɗaya kaɗai su ke yi a duniya. Su yi ƙwai a ƙarshen kwanakinsu, sa'an nan su mutu. Ashe wadda aka kama tun ba ta yi ƙwai ba, an kama ta duk da zuriyarta ke nan.

Masunta su kan fita da dare cikin manyan jirage, su kunna fitilu masu haske, sikwid su taru, a yi ta kwasa. A shekarar 1968 masuntan Japan sun kama fiye da tan 600,000 na wani irinsu. Yanzu abin da su ke samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ruwa ya ƙara ɗumi, kamu kuma ya yi yawa.

To, ga tambaya. Tsakiyar teku ba gonar kowa ba ce. Ko daidai ne mutum ya ɗebi iyakar abin da ya iya? Wani zai ce, in na bari wani zai kwashe. Gaskiya ne, amma in kowa ya faɗi haka, gobe duka a kwana da yunwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A shekarar 2024 hukumar tsibiran Fokland ta auna, ta ga sikwid sun ragu, sai ta hana kamu na biyu na shekarar. Masunta sun yi hasara, amma an bar iri.

Mun san manomi ba ya cinye irin shuka, ko da rumbu ya yi ƙasa. Ci ba laifi ba ne. Laifin shi ne mu cinye rabon 'ya'yanmu, waɗanda ba su da bakin yin ƙara tukuna. Abin da ba na kowa ba, amana ce a wuyan kowa. Bari mu riƙe ta.